Mako huɗu na haƙar dankali da suka ɓace a lissafin biza

A dokar Ostiraliya, matashin da ya shiga ƙasar da bizar hutu da aiki, wadda aka fi sani da lambarta 417, shekara ɗaya ake ba shi. In yana son ta biyu, sai ya yi wata uku yana aikin ƙarfi a karkara: noma, kiwo, su, sarar itace, haƙar ma'adinai ko gini. An fara wannan tsari a Nuwamban 2005 don manoma su samu masu tsinke musu amfanin gona, a Yulin 2019 kuma aka ƙara shekara ta uku ga wanda ya sake yin wata shida. Ma'aikatar cikin gida ta ƙasar ta auna wata ukun ne da watanni mafi gajarta a shekara, Fabrairu mai kwana 28 da wasu biyu masu talatin-talatin, ya tashi 88. Shi ya sa duk inda matasan nan suka haɗu a masauki, kafin a tambayi mutum sunansa an tambaye shi saura masa kwana nawa.

Bizar ba ta kowa ba ce. Ƙasashe 19 ke cikin jerin 417, irin su Faransa, Jamus, Italiya, Japan, Kanada da Koriya ta Kudu, sannan akwai 'yar uwarta mai lamba 462 ta su Amurka, Sin da Indunisiya. Babu ƙasar Afirka ko ɗaya a jerin biyun. Saboda haka duk wanda ya ce zai samo wa mai fasfon Najeriya, Nijar ko Gana wannan biza, kuɗinka yake so, ba tafiyarka ba. Amma 'ya'yanmu da aka haifa a Turai suna riƙe da fasfon can suna iya shiga, kuma suna shiga. Wanda zan kawo lamarinsa ɗan yayata ne. Iyayensa mutanen Damagaram ne, a Faransa aka haife shi, kuma ni ne kawun da ake turo wa duk wata takarda mai wuyar kai a gidanmu.

Ya sauka Sidni a ƙarshen Oktoban 2023, wato bizarsa za ta mutu a ƙarshen Oktoban 2024. Kamar yadda akasarinsu ke yi, ya tsaya birni yana wanke-wanke a gidan abinci har wata shida suka wuce, sai a tsakiyar Mayu ya hau mota ya nufi arewa, jihar Kwinsland. Ya yi aiki wuri uku. Na farko mako huɗu a gonar dankali kusa da Bundaberg, ta hannun wani ɗan kwangila da masaukinsu ya haɗa su da shi. Na biyu mako uku yana tsinkar ƙananan tumatir a yankin dai, aikin jinga, ta hannun wani ɗan kwangilar daban. Na uku mako shida a Bowen, a rumfar tantance tumatir da zuba shi a kwali, inda gonar da kanta ta ɗauke shi, biyan awa-awa. Ya haɗa 28 da 21 da 42, ya ga 91. A ƙarshen Agusta ya yi sallama da mutanen Bowen, ya tafi Townsville ya huta, ya kira ni.

"Kawu, na gama. Casa'in da ɗaya, har da gyara."

Na ce, "Madalla, sannu da aiki. Kafin ka taɓa fam ɗin, turo min takardun biyan in gani."

Ya turo guda tara. Mako goma sha uku ya yi. Na tambaye shi sauran huɗun, ya ce ai na dankali a ambulan ake ba su duk Juma'a, babu takarda, amma kowa a masaukin haka ake yi masa, kuma mutumin ya yi alkawarin zai sa hannu a duk abin da aka kawo masa.

Wannan magana ta sa hannu tsohuwar magana ce da har yau ke yaudarar mutane. A da akwai fam mai lamba 1263 da mai gona ke sa wa hannu ya shaida cewa wane ya yi masa aiki daga rana kaza zuwa rana kaza, kuma a lokacin kusan shi ne komai. Har aikin sa kai, inda ake ba mutum abinci da wurin kwana kawai, yana shiga lissafi. A 2015 aka rufe wannan ƙofa. Tun daga nan dokar ta ce dole aikin ya zama an biya shi, kuma an biya shi daidai da dokokin ƙwadago na ƙasar. Abin da aka ware daga baya shi ne aikin agaji a wuraren da gobarar daji ko ambaliya ta yi ɓarna. Ke nan jami'in da ke duba takardun ba ya tambayar ko ka sha rana ko bayanka ya yi ciwo. Abin da yake nema shi ne sawu uku su hau kan juna: takardar biya, kuɗin da ya shiga banki, da abin da aka kai wa hukumar haraji da sunanka.

Muka bi su ɗaya bayan ɗaya, shi yana can yana buɗe shafuka a wayarsa, ni ina nan da biro da takarda.

Na Bowen ba su ba mu wahala ba. Kowace takarda tana ɗauke da abin da doka ta ce ta ɗauka: sunan gonar, lambarta ta kasuwanci mai alƙaluma 11 da ake kira ABN, makon da aka biya, awowi, kuɗin awa, harajin da aka cire, da kason fansho da mai aiki ke zuba wa ma'aikaci, wanda a lokacin kashi 11.5 ne cikin ɗari. Harajin kashi 15 cikin ɗari ne, alamar cewa gonar ta yi rajista a matsayin mai ɗaukar masu irin wannan biza. Adadin da ke ƙasan kowace takarda shi ne ya shiga asusunsa har zuwa kwabo, da sunan gonar a jikin saƙon bankin. Lambar gidan waya ta Bowen, 4805, tana cikin yankunan da aka yarda da su. Nan ma akwai inda mutane ke tuntuɓe, domin inda aka yi aikin ake dubawa, ba inda ofishin kamfanin yake ba, kuma ba kowane aiki a gona ne aikin gona ba. Tantance tumatir da zuba shi a kwali yana ciki. Renon 'ya'yan mai gona ba ya ciki, ko da a tsakiyar gonar kake kwana. Da yake kwana biyar zuwa shida yake yi a mako, cikakken yini, ranakun hutun ƙarshen mako ma sun shiga. Kwana 42 cif.

Na tsinkar tumatir ne suka fara rage mana murna. Takardun suna nan, uku, kuɗin ma ya bi ta banki. Amma da na duba awowin, mako na farko kwana biyar ya yi, na biyu uku, na uku uku. Ruwa aka yi ta yi, in gona ta jiƙe ba a shiga, sai a turo musu saƙo da asuba a ce yau babu aiki. Shi a lissafinsa tunda yana zaune a masauki yana jiran kira, yana biyan kuɗin ɗaki, ai yana bakin aiki. Ma'aikatar ba haka take gani ba. Ranar da ruwa ya hana aiki kuma ba a biya ka ba, ba ta cikin lissafi. Ma'aunin shi ne ka yi adadin ranakun da cikakken ma'aikaci a wannan sana'a zai yi cikin wata uku. Mai kwana biyar a mako ya ci bakwai, mai kwana uku ba zai ci bakwai ba. Haka kuma ba a yin wayo a ce an yi awa goma sha huɗu yau, a lissafa kwana biyu. Da muka auna ranakunsa 11 da wannan ma'auni, abin da za mu iya tsayawa a kai bai wuce mako biyu da ɗan ɗoriya ba. Muka rubuta 15 a madadin 21.

Jingar kanta tana da nata sharaɗi. Kafin 28 ga Afrilun 2022, mai tsinka a jinga zai iya wuni a gona ya tashi da abin da bai kai kuɗin awa uku ba, a ce masa hannunsa ne ba shi da sauri. Daga wannan rana hukumar da ke yanke albashi ta sa ƙasa: ko kwando nawa ka cika, abin da za a ba ka a yini ba zai gaza kuɗin awowin da ka yi ba. Dole kuma a ba ka takarda kafin ka fara, mai bayanin aikin da kuɗin kowane kwando, a kuma riƙa rubuta awowinka. Yaron namu ya tuna an ba shi wata takarda a ranar farko a bakin mota, ya ɗauke ta hoto ya manta. Muka tono ta a cikin hotunan wayarsa, tsakanin hoton wani maciji da na tukunyar shinkafa. Wannan hoton daga baya ya yi mana rana.

Sai dankali. Na ce ya shiga myGov, shafin da ma'aikaci ke ganin abin da masu aiki suka kai wa hukumar haraji game da shi. Shekarar kuɗi a can tana ƙarewa ne ranar 30 ga Yuni, saboda haka zuwa Agusta duk wanda ya biya shi albashi a Mayu da Yuni ya kamata sunansa ya fito. Gidan abincin Sidni ya fito. Ɗan kwangilar tumatir ya fito. Na dankali babu shi, babu alamarsa. Asusun fansho ma ko sisi bai shiga daga wurinsa ba. A idon gwamnati, daga tsakiyar Mayu zuwa tsakiyar Yuni yaron nan bai yi wa kowa aiki ba.

Alhali a makonnin nan ne ya fi shan wuya. Lokacin sanyi ne a can. Ƙarfe biyar na asuba mota ke kwasarsu, su wuni a duƙe bayan injin da ke tone kunya suna tsince dankali suna karye masa jijiya, jar ƙasa ta shiga farce ta ƙi fita. Babbar Sallar shekarar ma a ƙarshen wannan aiki ta same shi, ya kira gida da yamma da kayan gona a jikinsa. Yana da ɗan littafi da yake rubuta lokacin fita da na dawowa, ɗabi'ar da ya ɗauko wurin mahaifinsa. Da muka raba abin da ke cikin ambulan da awowin littafin, har da mayar da kuɗin ɗaki da na mota da ake zare musu tun kafin ambulan ya iso hannu, abin bai kai ko kusa da kuɗin awa na doka ba, wanda a lokacin ya haura dalar Ostiraliya 28 ga ma'aikacin wucin gadi a gona.

Ya ce, "To Kawu, ai ina da hujja. Ga rasit na masauki, ga hotuna da kwanan wata, ga banki yana nuna ina sayayya a Bundaberg kullum."

Duk gaskiya ne, kuma irin waɗannan suna da amfani in ana so a ƙarfafa takardar biya da ke akwai. Amma su kaɗai abin da suke nunawa shi ne yana garin. Ba su nuna an biya shi bisa doka ba, littafin nasa ma akasin haka yake nunawa. A nan ne nake ganin dokar ta yi wa yaran nan rashin adalci. An sa sharaɗin biya bisa doka ne don a hana manoma cin guminsu, niyya mai kyau. Amma da aka zo aiwatarwa, sai hukuncin ya faɗo kan wanda aka cuta. Wanda ya danne maka haƙƙi ya tafi da kuɗin, kai kuma kwanakin sun zube, biyu babu. Kuma tunda takardar da kake buƙata a hannunsa take, da wane baki za ka yi masa gardama kana tsakiyar aiki? Hukumar kare haƙƙin ma'aikata ta ƙasar, Fair Work Ombudsman, ta ga wannan tun a 2016, lokacin da ta tambayi masu wannan biza sama da 4,000. Kashi 35 cikin ɗari sun ce an biya su ƙasa da mafi ƙarancin albashi, kashi 14 sun ce sai da suka biya kuɗi kafin a ba su aikin karkara, kashi 6 kuma sun ce sai da suka biya mai aiki kafin ya shaida musu kwanakinsu. Birtaniya kuwa ta cire wa 'ya'yanta wannan ƙaya ta hanyar yarjejeniyar ciniki: daga 1 ga Yulin 2024 mai fasfon Birtaniya yana samun shekara ta biyu da ta uku ba tare da ya taka gona ba. Abokin ɗakin yaron namu a Bowen ɗan Ingila ne, ranar da ya ji labari ya ajiye safar hannu ya kama hanyar bakin teku.

Lissafinmu ya tsaya a 57. Saura 31, biza kuma saura mata wata biyu. Ba a iya cewa bari in fita in dawo in ƙarasa, domin aikin sai an yi shi ne bizar farko tana da rai.

Hanya uku ke gabansa. Ta farko ya koma wurin ɗan kwangilar dankali ya nemi takardu. Ya kira, mutumin ya ce ba matsala, zai buga masa takardun biya huɗu da kwanan watan baya, ya sa awowin da za su yi daidai da kuɗin. Na ce a'a. Takardar da aka ƙirƙira bayan wata uku, da awowin ƙarya, ba ta da abokin tafiya a banki ko a haraji, ba hujja ba ce, tarko ce. Ta biyu ta fi muni, kuma ita ta fi saurin zuwa. A zaurukan Facebook na matasan nan akwai masu sayar da kwanaki: ka ba da 'yan ɗaruruwan daloli, a ba ka sunan gona da lambar ABN da ranaku, wani lokaci ma su cike maka fam ɗin da kansu. Wani a masaukin Townsville ya nuna masa bizarsa da ta fito ta wannan hanya cikin 'yan mintuna. Abin da bai gaya masa ba, wataƙila shi ma bai sani ba, shi ne fitowar biza ba ita ce ƙarshen magana ba. Ma'aikatar tana tuntuɓar gonaki daga baya, mai gona ya duba littafinsa ya ce bai taɓa jin wannan suna ba, sai wasiƙar niyyar soke biza ta iso, wani lokaci bayan shekara guda, mutum ya riga ya kafu da aiki da gida. Sashe na 109 na dokar shige da fice ta 1958 ya ba su ikon sokewa saboda amsar ƙarya, ko da wani ne ya cike maka, sannan ga hanin shekara uku. Kotun sauraren ƙorafi kan irin waɗannan hukunce-hukunce ta ga shari'o'in nan da yawa, kuɗin shigar da ƙara kawai ya haura dala 3,000.

A daren mahaifiyarsa ta kira ni. "Kai ne kawunsa, ka yi masa magana. In abin ya ƙi, ya dawo gida, ba korarsa muka yi ba." Na ce, "Yaya, ki kwantar da hankalinki, lokaci bai ƙure ba tukuna." Na kira shi na ce ya nemi matar da ke kula da rumfar Bowen tun kafin a cike gurbinsa.

Ita ce hanya ta uku, kuma ita ya bi, ba da son ransa ba. Sa'arsa ɗaya, kakar tumatir a Bowen tana kaiwa har wajen Nuwamba, kuma ya rabu da su lafiya. Ya koma a farkon Satumba ya ƙara mako biyar cikakku, kwana 35, jimla 92. Na so ya ƙara mako guda saboda shakkar da ke kan kwanakin ruwan nan, ya ce Kawu, in na sake ganin tumatir zan yi kuka. Na bar shi.

Ya shigar da takardar nema ta ImmiAccount, shafin ma'aikatar na neman biza a intanet, a tsakiyar Oktoba, ya biya kuɗin da ya haura dala 600. A wurin jera aikin da yake dogaro da shi, ya sa biyu kawai, ɗan kwangilar tumatir da gonar Bowen, kowanne da lambarsa ta ABN da muka tabbatar a shafin gwamnati cewa tana raye kuma sunan ya dace, da lambar yankin da gonar take, da ainihin ranakun da ya yi. Bai sa dankali a cikin 88 ɗin ba. Da yake yana cikin ƙasar ya nema, an ba shi bizar jira wadda ke riƙe mutum bisa doka in ta farko ta ƙare kafin a yanke hukunci. Ta kuwa ƙare. A Nuwamba wasiƙa ta zo ana neman ƙarin bayani cikin kwana 28: bayanan banki na dukan lokacin, da takardar jinga ta aikin tumatir. Ya ciro bayanan bankin ya ja layi ƙarƙashin kowane albashi, ya haɗa da hoton nan na bakin mota, da ɗan gajeren jadawali mai nuna kowane mako, ranakun da ya yi, da lambar takardar biyan da ta dace da shi. Bizar ta fito kafin ƙarshen shekara.

Kuɗin dankali kuwa har yanzu bai fito ba. Bayan bizar ta zo hannu ya kai ƙorafi wurin Fair Work Ombudsman, da littafinsa da saƙonnin asuba da ɗan kwangilar ke turo musu. A Kwinsland tun Afrilun 2018 doka ta wajabta wa duk mai samar wa gonaki ma'aikata ya mallaki lasisi, kuma rajistar a buɗe take ga kowa a intanet. Mun duba da sunan da suke kiransa da shi, da sunan da ke jikin motar, babu ko ɗaya. Lambar wayarsa ta daina shiga. Masaukin ya ce shi ɗaki kawai yake bayarwa haya, mai gonar kuma ya ce shi ya biya ɗan kwangila kuɗinsa cas. Doka ta ba ma'aikaci shekara shida ya nemi albashin da aka danne masa, to amma sai an samu wanda za a kai ƙara, kuma cikakken sunan mutumin ma babu wanda ya sani a cikin waɗanda suka yi masa aiki.